Yadda ake zaunar da unguwa a yi maganar hutun haihuwa: jagora ga masu faɗakarwa a Maraɗi

Babu tsohuwa a Maraɗi da za a koya wa illar kwanika. Ta ga yaron da aka yaye da wata takwas saboda uwarsa ta samu ciki, ta ga ƙafafunsa sun sirance, gashinsa ya yi ja, ya koma rarrafe bayan ya soma tsayuwa. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa mai jego kan tafi gida wanka ta daɗe, ake jan shayarwa zuwa kusan shekara biyu, maigida kuma ya yi haƙuri. Abin da ya sauya shi ne yanayin zama: ɗaki ɗaya, arba'in na cika an dawo, ba mai sa ido. Tsohon hutun ya tafi, ba a kawo abin da zai tsaya a gurbinsa ba. Don haka duk wanda ya ɗauki aikin faɗakarwa, ko a Bagalam ne, ko Zariya, ko wani ƙauye na Madarunfa, ya sa a ransa cewa mutane sun riga shi yarda da hutu. Abin da suka rasa shi ne sanin yadda jiki ke aiki, da wanda zai gaya musu gaskiya game da maganin likita.

Ga lambobi kaɗan da ya kamata ku sani. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar kan haifi ƴaƴa 7.6 a matsakaici, na 2021 ya nuna 6.2. A binciken 2012 ɗin, mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuwa ta zarce wannan. Ku riƙe su a kai, amma kada ku buɗe taro da su. A garin nan ƴaƴa arziki ne, kuma wanda aka ji yana cewa "mun yi yawa" ya gama magana tun kafin ya zauna.

Mataki na farko: abin da ake yi kafin a shimfiɗa tabarma

Ku kasance mutum biyu, mace da namiji, masu aure, waɗanda unguwa ta sani kuma aka shaide su da riƙe sirri. Saurayi mai takardar jami'a zai iya sanin komai, amma dattijuwa ba za ta yi masa maganar al'adarta ba.

Ƙafarku ta farko likitar unguwa ce, wato CSI. Ku gaida majo, wato shugaban likitar, ku nemi ungozomar asibiti, ku zauna da ita. Ku tambaye ta abin da ke akwai a ɗakin magani a yanzu, wace rana ake karɓar masu neman hutu, wa ya iya sa ashanar hannu (ƴar sandar maganin hutu da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse), wa kuma ya iya cire ta. Tambayar cirewa ta fi ta sawa muhimmanci, domin macen da ta so a cire mata aka yi ta juya ta, labarinta kaɗai ya isa ya rufe muku ƙofar gida ashirin. Tun 2006 gwamnati ta mayar da magungunan tazarar haihuwa kyauta a likitocinta, tare da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma kaya kan yanke wani lokaci, saboda haka kada ku yi wa mace alkawarin abin da ba ku ji daga bakin ungozoma ba.

Daga nan sai mai unguwa, sai liman. Wajen liman a tafi da tambaya. A durƙusa a gaisa, a ce: "Allah gafarta Malam, matan unguwa na fama da ciki kan goyo, yara na shiga tamowa. Mun zo mu ji abin da shari'a ta ce kafin mu buɗe baki." Sau da yawa da kansa zai kawo ayar Baƙara mai maganar shayarwa shekara biyu cikakku, da hadisin Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a lokacin da Alƙur'ani ke sauka. Malamai da yawa sun yarda da hutu idan miji da mata sun amince kuma don lafiyar uwa da ɗa ne, suna tsananta wa ne kan tsayar da haihuwa gaba ɗaya ba da larura ba. Idan ya gindaya sharaɗi, ku saurara. Idan ya yarda ya zo zaman maza ko sau ɗaya, rabin aikin ya ƙare.

Kada ku manta da uwayen miji. A gidaje da yawa ita ce ke cewa a je likita ko kada a je. Ku kai mata gaisuwa ta musamman, ku ce: "Inna, ku kuka san yadda ake yi a da, muna so ki zo ki gaya wa yaran nan." Wadda aka gayyata a matsayin malama ba ta zama abokiyar gaba.

Mataki na biyu: raba zama

Mata daban, maza daban, ƴanmata daban, samari daban. Mutum 10 zuwa 15 sun isa. Idan aka fi haka, masu baki biyu ko uku ne za su cinye zaman. Ga mata, ku bi inda suke taruwa dama, kamar ranar zubin asusu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a nan jihar aka soma su a 1991, kuma har yau samun mata a tare bai fi sauƙi a ko'ina ba. Maza a fada, bayan isha'i, ana shayi. A ƙauye kada ku sa zama lokacin noman farko ko girbi. Bayan kaka ne mutane ke da kunne.

Mataki na uku: ilimin jiki kafin maganar magani

Nan ne na fi so a daɗe, domin nan ne aka fi yin sauri. Ana zuwa da allon hotuna, a nuna ƙwaya da allura, a tashi. Mace ta koma gida ba ta san me ya sa jini ke zuwa ba, balle ta fahimci me ya sa allura ta ɗauke shi.

Ku buɗe da masu neman haihuwa. Ku ce yau za mu koyi kwanakin da ciki ke shiga, don mai nema ta samu, mai son hutu ta huta. A kowane zama akwai wadda ta shekara uku ko huɗu ba ta ko yi ɓatan wata ba, tana shan gori daga dangin miji. Da ta ji kun zo da abin da zai amfane ta, sauran ma za su gane ba hana haihuwa ya kawo ku ba.

Bayanin kansa ga shi. Kowane wata mahaifa kan yi shimfiɗa ta jini da tsoka mai laushi, kamar yadda ake gyara ɗaki don baƙo. A tsakiyar watan ƙwai ɗaya kan fito. Idan ya haɗu da maniyyi, ciki ya zauna a kan shimfiɗar. Idan bai haɗu ba, sai a naɗe shimfiɗar a fitar, shi ne jinin al'ada. Ƙwan ba ya wuce yini ɗaya da rai, amma maniyyi kan rayu har kwana 5 a jikin mace. Saboda haka saduwar da aka yi ranar Litinin tana iya zama ciki ranar Juma'a.

Sai ƙidaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a soma lissafi daga ranar wankan tsarki. Ranar farko ita ce ranar da aka ga jini, ranar da aka ajiye salla. Wadda ba ta karatu ta samu gwangwanin tumatir da babu komai ciki, ta jefa ƙwayar wake ɗaya a ranar, daga washegari kuma kowane dare kafin ta kwanta ta ƙara ɗaya. Ranar da jini ya sake zuwa kada ta jefa. Ta zazzage a faifai ta ƙirga, wannan adadin shi ne tsawon watanta, sannan ta soma sabo da ƙwaya ɗaya. Ta yi haka wata uku a jere. Ku zo da gwangwanin da waken wurin zama, ku ba kowacce ta gwada da hannunta, ku yi ta tambaya: "Yau kin ga jini, ƙwaya nawa ke ciki?" har sai amsa ta zama ɗaya a bakin kowa.

Ƙwai kan fito kamar kwana 14 kafin jini na gaba. Mai wata na kwana 28, wajen rana ta 14 ke nan; mai kwana 32, wajen rana ta 18; mai kwana 26, wajen rana ta 12. Shi ya sa ga duk wadda watanta ke tsakanin kwana 26 da 32, kwanakin da ciki ke iya shiga su ne daga rana ta 8 zuwa ta 19. Mai nema ta matsa kusa da mijinta a cikinsu. Mai son hutu su ƙaurace, ko su yi amfani da kwaroron roba. Ku lura da wannan: wadda ke yin kwana 7 tana jini, washegarin wankanta ta riga ta shiga kwanakin. A wasu likitoci akwai wani carbi na wannan lissafi, mai jan dutse ɗaya na ranar farko da farare 12 na kwanakin ɗaukar ciki, ana matsa zoben roba kullum. Ku tambayi ungozoma ko tana da shi.

Jiki ma yana ba da alama. A kwanakin nan mace kan ga wani farin ruwa garai-garai, mai yauƙi da santsi, wanda ke jawuwa tsakanin yatsu biyu. Mata da yawa na ɗaukar sa ciwon sanyi, su yi ta shan jiƙo suna cusa magani, alhali alamar lafiya ce. Na ciwo shi ne mai ƙaiƙayi, ko wari, ko launin ɗorawa ko kore, ko wanda ya zo da ciwon mara. Wannan kam a je likita, ita da mijin duka, in ba haka ba ya sake mayar mata.

Ku faɗi iyakar ƙidaya, kada ku ɓoye. Cikin mata 100 da ke bin ta shekara guda yadda mutane ke yi a zahiri, kamar 12 kan samu ciki. Ba ta yi wa mai goyon da jininta bai daidaita ba, ko wadda ta bar allura kwanan nan, ko yarinyar da ta soma al'ada bara. Kuma tana bukatar miji mai haƙurin kwana 12. Wanda ya dawo daga biɗa bayan wata takwas a Agadas ko Legas ba zai tsaya ƙirga wake ba, matarsa ta nemi wata hanyar tun kafin ya iso.

Game da rashin haihuwa: idan an shekara ana tare ba ciki, a je a duba, mace mai fiye da shekara 35 kuwa bayan wata 6. A duba su biyun. A kusan rabin irin waɗannan matsaloli akwai hannun ɓangaren namiji, awon maniyyi kuma ya fi duk awon da ake yi wa mace sauƙi. Ciwon sanyin da ba a yi wa magani ba yana toshe hanyar ƙwai. Haka nan, namiji za a haifa ko mace, daga maniyyin uba abin yake. Ku faɗi wannan a zaman mata, ku maimaita shi da ƙarfi a zaman maza, domin an saki mata da yawa kan laifin da ba nasu ba.

Mataki na huɗu: mai jego

"Ina shayarwa, ba zan samu ciki ba." Za ku ji wannan a kowane zama, kuma gaskiya ce mai sharaɗi uku, dole su haɗu duka: jariri bai kai wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, jinin al'ada kuma bai dawo ba. Idan sun haɗu, kariyar ta kai kamar 98 cikin 100. Da ɗaya ya faɗi, ta tafi. Wanda ya fi saurin faɗuwa a wurinmu shi ne na biyu. Zafin watan Afrilu ya zo, kaka ta ce yaro na jin ƙishirwa, a ɗura masa ruwa, a bi da jiƙo, a bi da koko. Ku bayyana cewa nono kusan duk ruwa ne, uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta ƙara ba shi. Kuma ƙwai kan riga jinin farko fitowa, don haka mai jiran ta ga al'ada kafin ta nemi magani tana iya jiran abin da ba zai zo ba sai bayan wata tara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, bayan ɓari kuma aƙalla wata 6. Lokacin da ya fi dacewa a yanke shawara shi ne tun ana awon ciki. In an wuce nan, to ranar rigakafin jariri na sati 6, wanda ya zo daidai da fitar arba'in: tafiya ɗaya, bukata biyu, ba kuma mai tambayar ina za ta.

Mataki na biyar: hanyoyin likita, da daɗinsu da ɗacinsu

Ba ku ne za ku zaɓa wa mace ba, ba ku ne za ku ba da magani ba. Naku shi ne ta isa gaban ungozoma ta riga ta san abin da za ta tambaya.

Ƙwaya ana shan ta kullum a lokaci ɗaya, ko maigida na nan ko ba ya nan. Akwai ta masu shayarwa daban, wadda ba ta rage nono. Ɗaya nau'in bai dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon kai mai tsanani da ke zuwa da gilmawar haske a ido, shi ya sa ake awon jini kafin a ba da ita, shi ya sa kuma sayen ta a tebur, inda ta sha rana ba wanda ya san ranar lalacewarta, kasada ce. Saboda mantuwa, kamar mata 7 cikin 100 kan samu ciki a shekara.

Allura ta wata uku ce, kamar 4 cikin 100 ke samun ciki, yawanci saboda an makara. Akwai ƙarama ta ƙarƙashin fata, Sayana Press, wadda a wasu wurare ake koya wa mace ta yi wa kanta. A kan allura ne jita-jita ta fi yawa, kuma tushenta gaskiya ne: tana rikita al'ada. Wata ta yi ta ɗigo, wata jinin ya ɗauke gaba ɗaya, wata ta ƙara ƙiba. Idan jini ya ɗauke sai a ce ya taru a ciki zai zama ƙari. A nan bayaninku na baya zai yi aiki: mahaifa ba ta yi shimfiɗa ba, don haka babu abin fitarwa, babu abin da ya taru. Ɗigon kuwa kada ku raina shi. Ga Musulma maganar salla ce da azumi da shimfiɗar aure. Ku sa liman ko wata malamar islamiyya ta yi bayanin bambancin haila da jinin ciwo, ungozoma kuma tana da abin da ke rage shi. Sannan ku faɗa tun da wuri cewa bayan barin allura ciki kan yi jinkiri, wata da watanni, wani lokaci har shekara. Jinkiri ne, yana wucewa. Amma wadda ke son hutun wata shida kawai ta san da haka kafin ta miƙa hannu.

Ashanar hannu ana sa ta ƙarƙashin fatar damtse: mai sanda ɗaya shekara 3, mai sanda biyu shekara 5. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, ba ta da sinadarin da ke taɓa nono, amma takan ƙara yawan jini da ciwon mara a watannin farko. Duka biyun, ƙasa da mace 1 cikin 100 ke samun ciki, kuma ana cirewa ranar da mace ta so, haihuwa ta dawo ba jinkiri. Ba dole sai shekarun sun cika ba. Ku nanata wannan. Ashana ma tana rikita al'ada. Mai ita tana iya shafa wurin ta ji ta da yatsa, in ta daina ji ta je a duba. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ta gaya wa ungozoma, domin wasunsu na rage ƙarfin ashana da ƙwaya.

Kwaroron roba, wanda aka fi sani da Foula a nan, shi kaɗai ne ke kare ciki da sida da sauran cututtukan saduwa a lokaci guda.

Alamun da ba a kwana da su: jini mai yawa da ke jiƙa ƙunzugu bi da bi, ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, ciwon kai da duhun gani, ciwon ƙirji, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi.

A ganina, mai faɗakarwar da ya ce magani ba shi da wata matsala ya fi mai yaɗa jita-jita ɓarna. Mai jita-jita ana iya ƙaryata shi. Amma macen da kuka ce wa ba abin da zai faru, sai ta wayi gari tana ɗigo kwana ashirin, ba za ta sake yarda da ku ba ko a kan rigakafin ɗanta.

Mataki na shida: zaman maza

A fada kada a soma da ƙwaya. A tambaya: wa ya taɓa neman mota da tsakar dare don naƙuda ta gagara? Wa ya taɓa biɗar jini a likita? Nan da nan labarai za su fito, kowa da nasa, kuma su da kansu za su kai maganar inda kuke so. Tsarin Makarantar Mazaje da aka soma a jihar Damagaram a kan wannan ya ginu: magidanta masu mutunci su zauna su tattauna lafiyar iyalinsu, su ja sauran.

Tsoron da ba a faɗa a fili shi ne wai mace mai shan magani za ta fi ƙarfin miji ko ta lalace. Amsarsa ita ce a jawo shi ciki: ya raka ta, ya ji bayani da kunnensa, shi ne zai riƙa tuna mata ranar allura. Mai mata biyu ko uku kuma a gaya masa kai tsaye, cikin ladabi: "Alhaji, gasar haihuwa tsakanin kishiyoyi kai kaɗai ke iya kashe ta. Idan kowacce ta san matsayinta bai dogara da yawan ƴaƴa ba, za ta yarda ta huta."

Za ku haɗu da wadda ke sha a ɓoye. Ya fi kyau a ce da sanin mijinta, kuma in ta yarda, abokin aikinku namiji zai iya lallaɓa shi a hankali ba tare da ya ambace ta ba. Amma sirrinta amana ce. Ko matarka, ko mijinki, kada su ji.

Mataki na bakwai: ƴanmata, samari, da amaren da aka manta

Kunya ta hana uwa yi wa ɗiyarta wannan magana, balle ɗiyar fari. A da gwaggo ce ko kaka ke yi. Ku dawo da wannan: ku zaunar da gwaggonni da yayye mata ku koya musu, su kuma su kai gida. In za ku tara ƴanmata da kanku, da izinin iyaye, kuma wata dattijuwa na zaune a gefe.

Yarinya ta ji labarin al'ada kafin ta gan ta, tun tana shekara 9 ko 10, domin yawanci takan zo tsakanin 10 da 15. Ta san ba ciwo ba ne, ba kuma alamar ta yi wani laifi ba. A nuna mata yadda ake naɗe ƙunzugu ko sa audugar mata, a canja sau uku ko huɗu a yini, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Yawancinsu kan cusa shi da danshi ƙarƙashin katifa don kada a gani, daga nan ƙaiƙayi ke farawa. A ce ta shanya ta rufa masa wani siririn zane a kan igiya. A shekarun farko wata kan yi tsalle, wannan ba abin tsoro ba ne. Mai yawan jiri da farin ido ta ƙara cin zogale da wake da hanta in an samu, ta bar shan shayi a kan abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. A gaya mata a fili cewa saduwa ɗaya tak tana iya zama ciki, ko ta farko ce, ko an yi wanka bayanta.

A gaya mata kuma jikinta nata ne. Ƴan talla da ke shiga shaguna da tasha su suka fi bukatar jin wannan. Idan wani ya taɓa ta ko ya tilasta mata, ba laifinta ba ne, ta gaya wa babbar da ta amince da ita, a kai ta likita nan take: maganin kariya daga sida cikin awa 72 yake aiki, na hana ciki na gaggawa cikin kwana 5, kuma duk wanda aka sha da wuri ya fi. Iyaye da yawa na ɓata waɗannan kwanaki wajen rufa asiri.

Samari a same su a fadarsu. Mafarki, karyewar murya, kumburin nono na ɗan lokaci, duk girma ne. Fitar mugunya ko zafin fitsari kuwa ciwo ne, kafso biyu daga mai tebur ba ya kashe shi, yana kwantar da shi ne kawai ya kai wa amaryarsa. Su ne mazajen shekara biyar masu zuwa, don haka lissafin wake su ma a koya musu.

Sai amarya ƴar shekara 15 ko 16. Ta bar zaman ƴanmata, a zaman mata kuma ba ta iya buɗe baki gaban uwar mijinta. Ita ce ta fi kowa shiga haɗari: jijjiga, doguwar naƙuda, haihuwar bakwaini, da yoyon fitsari, wanda saboda shi aka buɗe cibiya ta musamman a Danja, kudu da Maraɗi, a 2012. Ku yi wa irinsu zama nasu, su biyar ko shida, ku kuma je wa angon da uwarsa. Neman a jinkirta cikin fari zuwa shekara 18 magana ce mai nauyi a gidan da ake jiran jika, ba kowa zai karɓa ba. Inda aka ƙi, ku nemi abin da ake iya samu: awon ciki tun watannin farko, haihuwa a likita, da alkawarin cewa naƙudar da ta wuce yini ɗaya ko dare ɗaya ba za a ci gaba da jiranta a ɗaki ba. Inda kuma yarinya ke makaranta ana shirin cire ta, ku tuna wa iyaye cewa tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare ɗiya mace mai karatu, ku haɗa su da shugaban makarantar da mai unguwa.

Mataki na ƙarshe: rakiya da komawa

Zama ba ya ƙarewa da addu'ar tashi. Wadda ta tsaya gyara ɗankwali har kowa ya fita, tambaya gare ta. Ku ba ta lokaci. Wadda ke jin nauyin zuwa likita ita kaɗai, abokiyar aiki ta raka ta, ta tsaya a waje. Bayan sati biyu a leƙa ta kamar an zo gaisuwa, a tambayi jiki, a sake leƙawa cikin wata na uku, domin a nan ne masu barin magani suka fi bari. In hanyar ba ta karɓe ta ba, a koma a canja wata. Idan kuna riƙe littafi, kada ku rubuta suna, alama ta isa. Ranar allura ta gaba tana cikin karnenta, wato katinta na likita. Wadda ba ta karatu a ɗaura mata ranar da abin da ta sani, kamar sati biyu bayan Mauludi ko kasuwa ta uku bayan Salla. In ta makara da ƴan kwanaki kada ta zauna gida tana jin kunya, ana iya yi mata allurar wata uku har sati 4 bayan ranar. In ta wuce haka ma ta je, ungozoma za ta duba ko babu ciki sannan ta ci gaba.